Ƙasar da Na Ɗora wa Laifina

A Jidda aka haife ni, a nan kuma nake sa ran za a binne ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratsa Sudan yana noma yana ci gaba, da ya sauke farali kuma bai koma ba. Karatuna bai wuce aji shida ba. Larabci ina jin sa kamar kowa a garin nan, Hausa a bakin mahaifiyata na tsince ta, rubuta ta kuwa a hannun mutumin da na zalunta na koya. Wanda ya ga gargada a cikin abin da zan faɗa ya yi haƙuri, ba gwaninta ta zaunar da ni ba.

Ina da warsha a unguwar Khumra, ɗan wurin gyara inda muke sake naɗa wayar tagulla a cikin injinan da suka ƙone. Sunan kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini, shi ne a kan takardar wurin, ni ne a ciki. Ƙananan injinan jan ruwa na gidaje ina iya yin su. Amma manyan da ake kawowa daga Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda, waɗanda sai mutum huɗu sun kama, sau da yawa in na naɗa sai su yi kwana biyu su sake hayaƙi, mai su ya dawo yana zage-zage.

Wata hantsi ina tsugune gaban irin wannan injin, dawowarsa ta biyu ke nan, sai wani dogon mutum siriri ya yi sallama da Hausar Zazzau. Ibadar Umara ya zo yi ya maƙale bai koma ba, aiki yake nema. Na ce babu. Bai tafi ba, ya tsaya yana kallon injin. Can sai ya durƙusa ya sa farce yana ƙirga zagayen wayar, leɓɓansa suna motsi da wani yare da ban taɓa ji ba.

"Mu'allim," in ji shi, "kowane rami ka rage zagaye uku. Wayar ma ta yi siranta."

"Kai wane ne da za ka koya mini aikina?"

"Ba kowa. Ka ba ni zuwa la'asar. In ya ƙone, ka kira mini masu kame da kanka."

Bai ƙone ba. Tun daga ranar nake kiran sa Muhandis, wato injiniya, shi kuma bai fasa kira na Mu'allim ba, wato gwanin sana'a, alhali mu duka mun san wane ne gwanin.

Zaman da muka yi irin wanda ake yi ne a warsha da yawa a nan: ɗaya da takarda, ɗaya da ilimi. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, shi ba shi da ita. Na kafa masa ɗaki da kwano a bayan warsha, a nan yake aiki, a nan yake kwana. In mai inji ya zo da tambaya mai wuya, sai in ce bari in duba littafi, in shiga baya in tambayi Muhandis, in fito in faɗa da ƙarfin murya kamar daga kaina ta fito. Cikin shekara biyu sunana ya kai masana'antu. Na bar gidan haya na Khumra na koma unguwar Aziziyya da iyalina.

Da azahar muke zama mu ci waken ful da gurasar tamis a tire ɗaya, a nan nake jin labarin inda ya koyo aikin. Tarayyar Sobiyet ce ta ɗauke shi karatu, shi ɗan mai gyaran keke, ba tare da ubansa ya sayar da ko akuya ba. Ya ce ƙasashe goma sha biyar ne aka ɗaure wuri guda, kowace da yarenta da abincinta, amma kuɗi ɗaya, soja ɗaya, kuma mutumin can yana iya kwana bakwai a jirgin ƙasa bai fita ƙasarsa ba. Garin da aka kai shi yana ɓangaren Yukren, gari ne na masana'antu. A ɗakin girkin gidan ɗalibai, ya ce, za ka ga ɗan Kuba da ɗan Habasha da ɗan Uzbek suna faɗa a kan tukunya ɗaya da Rashanci. Ya ba ni labarin layin sayen nama da ake shiga tun ba a san abin da aka kawo ba, da yadda yake rufe ƙofa kafin ya yi salla. A jakarsa akwai wata ƙatuwar kwat mai nauyin bargo biyu da suka ba shi ranar da ya sauka. Ya kawo ta har Jidda, inda ko a watan sanyi mutum gumi yake yi.

Mutanenmu na unguwa ɗan gurguzu suke ce masa a bayan ido. Ni a gaban ido nake tsokanar sa.

"Muhandis, ƙasar da ta rufe masallatai kake yabo?"

"Ta rufe. Ta kuma mayar da ni injiniya kyauta. Duka biyun ta yi, Mu'allim, ba zan rage maka ko ɗaya ba."

"To me ya hana ka zama can, tunda aljanna ce?"

Nan yakan koma kan aikinsa. A hankali na gane dalili. Ya auri wata 'yar garin, sun haifi 'ya mace. Da karatu ya ƙare izinin zamansa ma ya ƙare, ya koma gida da alkawarin zai aiko musu su biyo shi. A gida an ce masa akwai babbar masana'antar ƙarfe da mutanen Tarayyar ke ginawa, irin su ake jira. Ya yi ta jira ba ta tashi ba. Sai ya zo Umara da niyyar ya yi aikin shekara ɗaya ya haɗa kuɗin jirginsu. Yarinyar tana da shekara uku ya bar ta.

Yana warshata Tarayyar ta watse. Na tuna ranar saboda mai gidan gurasar da muke saya. Wani tsoho ne daga cikin waɗanda muke kira 'yan Buhara, waɗanda iyayensu suka gudo tun farkon mulkin gurguzu suka zauna a Hijaz. Ubansa limami ne da ya tsallake kogi da dare da 'ya'yansa a kafaɗa. Ranar tsohon nan ya hana a karɓi kuɗin kowa, yana raba tamis yana kabbara yana kuka. Na kawo guda huɗu ina murna da kyauta. Muhandis ya dubi gurasar, ya ce shi ya ƙoshi.

"Tsohon yana da gaskiyarsa," in ji shi. "Ni dai ban san a wace ƙasa 'yata ta kwana ba."

Ya ci gaba da rubuta musu wasiƙa. A lokacin ba a kawo wa kowa wasiƙa gida a Jidda, sai mai akwati a gidan waya. Warsha tana da akwati a gidan wayan da ke kusa da gidana, mabuɗin yana hannuna. Shi ba ya iya zuwa, don hanyar ba ta rabo da masu tambayar iƙama. Saboda haka ni ke kaiwa, ni ke dubo amsa. Yana rubuta adireshin irin nasu, sunan ƙasa a sama, sai gari, sai titi, sunan mutum can ƙarshe. Kuma ko bayan watsewar, sunan Tarayyar yake sawa. Ban sani ba ko hannunsa ne ya saba, ko zuciyarsa ce ta ƙi. Biyu sun dawo mana da hatimi a kansu.

Da na kai ta uku, ma'aikacin gidan wayan ya juya ambulan ɗin ya dube ni.

"Ya akhi, wannan ƙasar halas, babu ita. Wane gari ne?"

Na faɗa masa yadda na ji Muhandis yana faɗa. Ya buɗe wani littafi, ya bi da yatsa, ya ja layi a kan sunan Tarayyar, ya rubuta Yukren a ƙasa. Daga ranar duk wasiƙar da na kai haka muke gyara ta, kuma ba wadda ta sake dawowa. Ban faɗa wa Muhandis ba. Allah ya sani a lokacin ba da mugun nufi ba ne, so nake ranar da amsa ta zo in ce masa dabarata ce.

Shekaru suka shige ba amsa. Duk ranar Asabar in na shigo zai ɗago kai daga kan inji.

"Akwatin fa, Mu'allim?"

"Sai takardar wuta."

"To. Ranar da amsa ta zo, ka nemi wani. Zan miƙa kaina a tarhil, su mayar da ni gida, in nemi hanyar zuwa can ko da rarrafe."

Tarhil shi ne inda ake tara marasa takarda kafin a kwashe su zuwa ƙasashensu. Ya faɗi maganar nan ya fi sau ɗari, ina dariya, don ban taɓa zaton ranar za ta zo ba.

Ta zo a shekarar da wata masana'antar roba ta ba ni gyaran injinanta gaba ɗaya. Na buɗe akwati na ga ambulan mai ruwan toka, kan sarki baƙo, rubutun hannu irin na 'yan makaranta. Na san abin da ya kamata in yi, mota tana waje, tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Maimakon haka sai na tsaya gidan gurasa.

A lokacin tsohon ɗan Buhara ya ɗauko wani sabon ma'aikaci daga Uzbekistan, dattijo mai furfura a gemu. Malamin lissafi ne a can, da albashi ya daina zuwa ya zo Jidda yana manna gurasa a tanderu. Shi yana karanta Rashanci. Na jira mutane suka ragu, na yage ambulan ɗin na miƙa masa. Ya goge hannu a riga, ya karanta a ransa tukuna, sannan ya mayar mini da gurguwar Larabcinsa.

Yarinyar ce ta rubuto, shekararta goma sha uku. Ta ce mahaifiyarta ta rasu a sanyin da ya wuce. Suna kwashe kayanta ta ga wasiƙunsa a ƙasan akwati, an buɗe su duka, ba a taɓa nuna mata ba. Ta ce masana'antar da uwar ke aiki ta daɗe da tsayawa. Yanzu tana wurin kakarta, kakar kuma ba ta da lafiya, in ta mutu gidan marayu za a kai ta. Ta ce a makaranta ita kaɗai ce mai irin fatarta, yara suna tambayar ta daga ina aka samo ta. A ƙarshe ta ce ba ta roƙon komai, in zai iya zuwa ya zo, in ba zai iya ba ya rubuto ya ce ya ji.

Dattijon ya naɗe takardar, garin alkama ya manne a gefenta.

"Kai ne uban?"

"A'a, ɗan'uwana ne."

"To me kake jira? Yalla, ka kai masa da gudu."

Na fito na shiga mota. A hanya na ce wa kaina mako guda kawai, in mun gama injinan masana'antar roba sai in ba shi. Na sa wasiƙar a ƙarƙashin kujera. Da na shiga warsha ya ɗago kai ya yi tambayarsa, na ba shi amsar da ya saba ji. Sannan bakina ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba.

"Muhandis, ni fa ina ganin wahala kake yi. Ƙasar da ta mutu, wa zai tsaya raba mata wasiƙa?"

Ya ajiye wayar tagullar da ke hannunsa. Ya ce, "Haka ne. Ko jiya na ji a rediyo, ma'aikata sun yi watanni ba albashi. Mai raba wasiƙa ma mutum ne."

Ka ga yadda abin ya zo mini da sauƙi. Ban ƙirƙiri komai ba. Duk abin da rediyo ke faɗa game da ƙasashen nan gaskiya ne: kuɗinsu ya zama takarda, masana'antu sun tsaya, waɗanda jiya suke ƙasa ɗaya yau suna harbin juna a kan iyaka. Ni dai na ɗauki laifina na cusa a cikin wannan babban rushewar, kamar mai zubar da shararsa a gidan da ya riga ya faɗi. Wa zai tono?

Mako ya wuce. Na ce bayan Hajji. Bayan Hajji matata ta haihu. Shaiɗan kuma bai bar ni ba hujja. Ya ce mini ko ka ba shi, wa zai ba baƙin mutum mara aiki biza zuwa can? Zai bar abincinsa ne ya je ya lalace a gida. Ya ce yarinyar ta tashi a hannun waɗanda ba sa salla, me ya rage? Har na fara jin kamar taimakon sa nake yi. Gaskiyar kuwa guda ce, kuma na san ta tun a gaban tanderu: in ya tafi, kowa zai gane Mu'allim ba ya iya naɗa babban inji.

Wasiƙun da ya ba ni bayan wannan ban kai ko ɗaya ba. A gangar da muke ƙona tsohuwar waya nake jefa su in ya shiga wanka.

Bayan kamar shekara guda wata ta sake zuwa, ambulan ɗin siriri, rubutun hannun dai shi ne. Wannan ban kai wa kowa ya karanta ba. Na tsaya a gaban akwatin har wani ya ce in matsa masa. Sannan na je wurin ma'aikacin na ce ba mu san mai wannan sunan ba. Ya buga mata hatimi ya jefa a buhun da ke komawa. Ta uku ba ta zo ba.

Shi ma daga baya ya daina rubutawa. Ya ce, "Halas, Mu'allim, na daina wahalar da kai." Har godiya ya yi mini.

Muka ci gaba da zama. 'Ya'yana suka girma suna kiran sa Baffa, shi ya koya wa babbar lissafi har ta wuce ajinsu. Bai sake aure ba. Sau da dama hukuma ta ba marasa takarda dama su fita ba tare da hukunci ba, mutanen Khumra suka yi ta ɗaure kaya, shi ya ce, "In koma wurin wa?" Da wayar hannu ta yawaita, 'yata ta zauna da shi a warsha wata Juma'a suna neman yarinyar a ciki. Sunan dangin uwa aka rubuta mata, kuma masu irin sunan ba su ƙirguwa. Suka yi ta duba fuskoki har la'asar ba su dace ba. Ina zaune a gefe ina shan shayi, wasiƙar tana cikin gwangwanin takarduna a ɗakin da ke bayansu. Na je Makka a shekarun nan ban san adadi ba. Na yi ɗawafi, na roƙi arziki, na roƙi lafiya, wannan maganar kuwa ko a gaban Ɗakin Allah ban buɗe ta ba.

Sai yaƙin nan ya tashi tsakanin Rasha da Yukren. Muhandis ya tsufa, ido ya yi rauni, yakan kawo wayar hannu dab da hancinsa. Wata azahar muna cin abinci ya miƙo mini ita. Hoton wani dogon gini ne rabinsa ya zube, labule yana lilo a tagar da ba ɗaki a bayanta.

"Ka ga kwanar nan? Nan nake sauka in na taso daga makaranta. Akwai mai sayar da madara a ƙasa." Ya karɓi wayar ya sake dubawa. "Wanda ke harbin da wanda ake harbi, da ni da su muka ci a tukunya ɗaya. Ko 'ya'yansu ne."

Ya ture tiren gabansa.

"Ka san abin da nake gode wa Allah a kai, Mu'allim? Da wasiƙun nan ba su isa ba. Gara ta ɗauka na mutu tun tana ƙarama, da ta ɗauka na san inda take na ƙyale ta."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na yi shekara ashirin da huɗu ina ɗauke da abin nan bai hana ni barci ba, amma wannan maganar ban iya haɗiye ta ba. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba, don Allah yana nan tun ranar farko. Wataƙila tsufa ne. Wataƙila kuma, in faɗi mafi muni, don a lokacin na riga na koyi aikin, idonsa kuma ya tafi, tafiyarsa ba za ta rage ni da komai ba.

Washegari da safe na ɗauko wasiƙar. Na rufe ƙofar warsha, na durƙusa a gabansa kamar yaro, na ajiye ta a kan gwiwarsa. Ya dubi kan sarkin, ya dubi ambulan ɗin da aka riga aka yage. Ya sa tabarau ya matsa bakin taga. Ya karanta a hankali, leɓɓansa suna motsi, wani wurin ya tsaya ya koma baya, don yaren ya fara kuɓuce masa. Takarda ɗaya ce, amma ya kai rabin sa'a.

"Yaushe ta zo?"

Na faɗa masa.

"Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani. Tun ranar."

"Waɗanda na ba ka daga baya?"

"Na ƙona."

Ya gyaɗa kai kamar mai jin bayanin inji. "Wata ta zo bayan wannan?"

Nan na so in yi ƙarya, don ba mai iya kama ni. Amma na faɗa. Na ce na mayar da ita, na ce ba a san mai sunan ba.

"Ta koma hannunta ke nan."

"Ina jin haka."

"Da hatimi."

"Da hatimi."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Na kama ƙafarsa na ce ya yafe mini don Allah da Annabi.

"Tashi, Mu'allim, kar mai inji ya zo ya gan ka haka." Ya janye ƙafar. "Nawa rabon, ka bar ni in yi tunani. Nata kuwa ba a hannuna yake ba."

Na yi abin da ake yi bayan ruwa ya riga ya ci gida. Dattijon gidan gurasa da ya karanta mini wasiƙar ya daɗe da komawa ƙasarsu, sai na nemo wani direba mai jin Rashanci. Muka gano an canza wa titin suna, an kuma sake canzawa. Muka buga lambobin da muka samu, wasu ba sa shiga, wata mata ta ɗauka ta ce ita ma gudun hijira take, ta kashe. Na bi masaukan masu Umara ina tambayar ko akwai wanda ya fito daga garin. Na samu mutum ɗaya, ya ce unguwar da nake faɗa ba kowa a cikinta yanzu. Gidan marayu kuwa, ya ce, wanne daga ciki? Mace mai shekara kusan arba'in, wataƙila da sunan miji, wataƙila a wata ƙasa, wataƙila a ƙarƙashin ƙasa.

Muhandis ya sake rubuta wasiƙa zuwa tsohon adireshin. Na miƙa hannu in karɓa, ya sa ta a aljihu. Na ce to in kai shi a mota, ya ce ƙafarsa lafiya lau. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu bai wuce titi uku daga warsha ba, ya fita da rana tsaka yana lalube. Sau biyu ya je ya dawo. A na uku masu kame suka tare motar hayar da ya shiga.

Na kai masa jakarsa a tarhil. Ba su bar ni na gan shi ba, suka karɓa suka ce za a ba shi. Yanzu yana Zariya a gidan ɗan ƙanensa, ido ya kusa rufewa gaba ɗaya. Ina kiran sa duk wata. Yana ɗauka, mu gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi zafi. Da na ce, "Muhandis, maganar nan," sai in ji ya ce ga mai gidan, ku gaisa.

A azumin da ya wuce na je Makka, na samu wani malami dattijo da ke zama bayan la'asar yana amsa tambaya. Na jira kowa ya tashi, na ba shi labarin tun daga farko ban rage ba. Na ce masa na yi sadaka da sunanta, na yi Umara, amma ban ma san addu'ar da zan yi mata ba, ta rayayye ko ta mamaci.

Ya ce, "Abin da ke tsakaninka da Allah, ƙofarsa a buɗe take. Wannan kuwa haƙƙin mutum ne. Sai ka nemi mai shi."

"Malam, na nema. Ƙasar da aka haife ta babu ita, titin babu shi, gidan ma ina jin babu."

"Ka ci gaba da nema."

"In har na mutu ban same ta ba fa?"

Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Za ku haɗu," in ji shi.

Aka kira salla, ya miƙo hannu na taimaka masa ya tashi.